Taron Gwamnati a Cikin Waya: Daga Abuja Zuwa Bakin Ruwan Wara, Muryar Wa Ake Ji?

Ranar Laraba, 13 ga Mayun 2020, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi wani zama da ba ta taɓa yin irinsa ba. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yana zauren majalisar a fadar Aso Rock tare da mataimakinsa da 'yan tsirarun ministocin da ke da takardar gabatarwa, sauran kuma kowa yana ofishinsa ya zuba wa sikirin ido. Annobar korona ce ta tilasta hakan. Wata biyu bayan nan, ranar 14 ga Yuli, Kotun Ƙoli ta ce zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Kafin shekarar ta fita, gwamnati ta amince da wata manufa ta musamman kan yadda ma'aikatun tarayya za su riƙa yin taruka ta intanet, wadda ma'aikatar sadarwa ta tsara a zamanin Isa Ali Pantami.

Korona ta lafa, amma al'adar ta zauna daram. Yau ba abin mamaki ba ne ka ga sanarwar taron wata hukuma ɗauke da linkin Zoom ko alamar Facebook da YouTube a ƙasanta. Wasu mahalarta suna zaune a zaure, wasu suna shigowa ta waya ko kwamfuta. Irin wannan shi za mu kira taro mai ƙofa biyu: ƙofa ɗaya ta zaure, ɗaya ta intanet.

Ga ma'aikacin da ke Abuja ko Birnin Kebbi, nesa ta zo kusa, an kuma rage kuɗin mai da na otal. Abin tambaya shi ne ko ƙofar ta biyu tana buɗewa ga mutanen da aka kira taron dominsu. Wurin da ya fi dacewa a auna wannan shi ne bakin tafkin Kainji, a ƙananan hukumomin Ngaski, Yauri da Shanga na jihar Kebbi, domin a can saƙon hukuma da ya makara yana iya zama asarar gona, wani lokaci ma asarar rai.

Me ya sa bakin tafki?

Shi kansa tafkin daga shawarar da aka yanke a nesa ya samu. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya mamaye sama da murabba'in kilomita 1,200, tsohon garin Busa ya nutse, aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu zuwa sababbin matsugunai. A cikinsu akwai Gungawa, da Kambari, da Lopawa, da sauran al'ummun bakin kogi da ke ƙarƙashin masarautun Yauri da Borgu.

Daga wancan lokaci zuwa yau, hukumomin da ke da ta-cewa a rayuwar mutumin Wara ko Yelwa sun ƙaru, kuma kusan dukkansu hedikwatarsu na nesa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, tana Lakwaja. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, N-HYPPADEC, tana Minna. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, da ta kula da ma'aunin koguna, NIHSA, suna Abuja. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi, NIFFR, ita ce ma ta kusa, tana New Bussa a jihar Neja. Gwamnatin jiha kuwa tana Birnin Kebbi, kuma wanda ya taso daga Wara, hedikwatar Ngaski, sai ya wuce Yelwa da Koko da Jega kafin ya isa, tafiyar sa'o'i ce ga kuɗin mota. Ba a ma zo batun tsaro ba, wanda sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021 ya nuna wa duniya girmansa. A wuri irin wannan, taron da mutum zai halarta daga wayarsa bai kamata ya zama kayan ado ba. Shi ne ya fi kowa buƙatarsa.

Ɗauki batun ruwa. Kogin Kwara, wato Neja, yana kawo ruwa sau biyu a shekara. Na farko ruwan damina ne mai laka, wanda ke cika tsakanin Agusta da Oktoba. Na biyu ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya wuce Yamai, sannan ya iso nan a tsakiyar hunturu. Kafin kowannensu ya iso Yauri, ma'aunan da ke Yamai da kuma Jidere Bode a nan jihar Kebbi sun riga sun nuna tsayinsa. Ma'ana labarin yana hannun hukuma tun ruwan yana hanya. A farkon kowace shekara kuma NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya da ke lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Galibi a Abuja ake taron ƙaddamar da su, da Turanci. A yaba wa NiMet, tana fassara taƙaitaccen hasashenta zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka. Amma tsakanin fitar da takarda da isarta kunnen mai noman shinkafa ko albasa a bakin kogi akwai tazara. A ambaliyar 2020, rahotanni sun ce gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000 ruwa ya shafe a jihar Kebbi.

Sai batun jiragen ruwa. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya tarwatse a kusa da Wara, kusan mutum ɗari suka rasu, cikinsu har da mata da yara da dama. Bayan nan an samu sabuwar dokar sufurin ruwa ta 2023 da ta tilasta sa rigar kariya, ta hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare, hukumomi kuma sun yi ta rabon riguna a garuruwan bakin ruwa. Doka irin wannan ba ta aiki sai direban jirgi da fasinja sun ji ta, sun fahimce ta, sun kuma samu damar faɗin abin da ke hana su bin ta: ƙarancin jirage a ranar kasuwa, tsadar mai, kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa tun zamanin cika tafkin. Wannan bayani yana wurinsu, ba ya cikin kowane ofis.

Lissafin data, wanda masu shirya taro ba su cika yi ba

Mai karatu, zo mu yi ɗan lissafi. Kamfanin Zoom ya ba da shawarar cewa taron bidiyo na mutane da yawa yana son gudun intanet na kusan megabit 1.6 a daƙiƙa, idan aka haɗa abin da wayarka ke aikawa da wanda take karɓa. Idan aka buga wannan da sa'a guda, ana maganar kusan MB 700. Taron hukuma kuwa, da jiran manyan baƙi da gabatar da su ɗaya bayan ɗaya da jawabin maraba da na fatan alheri, yakan ci sa'a uku kafin a zo wurin tambayoyi. Giga biyu ke nan ta tafi. Ga wanda ke sayen data ta kwana ɗaya ko ta mako, musamman tun bayan da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan kuɗin cefane ne.

Murya zalla kuma, bisa alƙaluman Zoom ɗin, kilobit 60 zuwa 80 take buƙata a daƙiƙa. A sa'a guda bai wuce MB 36 ba. Taron sa'a ukun nan zai ci maka MB ɗari da 'yan kai. Bambancin ya kai ninki ashirin. Saboda haka abu na farko da za ka yi idan ka shiga irin wannan taro shi ne kashe kyamararka, sannan ka nemi zaɓin dakatar da bidiyon da ke shigowa, wanda Zoom ke da shi a cikin saituna. Google Meet ma yana da zaɓin rage cin data a manhajarsa ta waya. Idan a YouTube ake watsawa, ka sauke ingancin hoton zuwa 144p ko 240p. Fuskar babban darakta za ta dusashe, amma maganarsa kake nema.

Akwai wani dalilin da ya wuce tsimi. A gefen gari ko a kan ruwa, inda waya ke sauka daga 4G zuwa 3G, wani lokaci har ta nuna harafin E, bidiyo ne ke fara daskarewa, sannan ya jawo muryar ma ta riƙa yankewa. Murya kaɗai ta fi jure raunin sabis. Wanda ya fi su duka juriya shi ne saƙon murya na WhatsApp, domin shi ba ya buƙatar ku kasance a kan layi lokaci ɗaya. Ka naɗa, ka tura, ya tsaya yana jira har sabis ya dawo ya wuce. Shirin faɗaɗa intanet mai sauri na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kaiwa kashi 70 cikin ɗari, amma har ƙarshen 2024 alƙaluman NCC ba su kai rabi ba, kuma kowa ya san birane ne suka kwashe mafi yawan abin da aka samu.

Ga kuma caji. Injinan Kainji an girka su ne don su ba da megawat 760, amma garuruwa da dama da ke kallon ruwan da ke juya su ba su da tsayayyiyar wuta. Wayar da aka biya aka caja a shago, ita ce fitilar dare, ita ce banki, ita ce ta kiran dillalin kifi. Mai ita ba zai ƙone batirinta a kallon jawabin maraba ba, kuma yana da gaskiya.

Halarta daban, samun damar magana daban

Wani abu da matasa da yawa ba su lura da shi ba: Zoom yana da nau'in zama biyu. Akwai taro na yau da kullum, inda kowa ke ganin kowa, kuma kana iya buɗe makirufonka idan mai masauki bai kulle ba. Akwai kuma webina, inda masu jawabi kaɗai ake gani ake ji. Kai ɗan kallo ne. Ba ka iya buɗe makirufo sai an ba ka izini, tambayar da ka rubuta kuma mai masauki yana iya barin ta a ɓoye, sauran mahalarta ba su ma san an yi ta ba. Hukumomi suna son webina don tana hana hayaniya da 'yan kutse, kuma wannan uzuri ne mai ƙarfi. Sai dai idan an kira abu taron jin ra'ayin jama'a, aka rufe bakin jama'ar, to lacca aka yi. Facebook Live da YouTube ma haka suke: sharhi yana ta gudu a ƙasan bidiyo, amma idan ba a ajiye ma'aikaci guda da aikinsa shi ne karanta sharhin ya miƙa wa masu jawabi ba, kamar zuba ruwa ne a rariya.

A taro mai ƙofa biyu matsalar takan ninku. Na cikin zaure ya ɗaga hannu, shugaban zama yana ganinsa ido da ido. Na cikin waya ya danna alamar ɗaga hannu, tana can a kwamfutar wani ƙaramin ma'aikaci a bayan zaure. Wani ya miƙe ya yi tambaya ba tare da makirufo ba, na waya sai dai su ji amsa ba su ji tambaya ba. Lokacin shan shayi, inda ake ƙulla rabin abin da ake ƙullawa, su kuma sikirin ya yi baƙi. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan zama ya san yadda ake zama ɗan bora.

Sai harshe. Zoom yana da tsarin tafinta, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Mai masaukin da ke da asusun biya zai iya sa tafinta a layi na daban, har ya ƙara harshen da ba ya cikin jerin da manhajar ta zo da shi, mahalarci kuma ya zaɓi layin da yake so ya saurara. Wato ba abin da ya hana a yi taron ambaliya a Abuja da Turanci, mutumin Shanga yana jin sa da Hausa a daidai lokacin. Kuɗin tafinta guda bai kai na ruwan gorar da ake rabawa a zaure ba. Rubutun da manhaja ke fitarwa da kanta a ƙasan sikirin ba ya maye gurbin wannan, domin ya fi ƙwarewa a Turanci, kuma sai wanda ya iya karatu.

Ko an yi da Hausa, da sauran aiki. A ƙauyuka da tsibiran yankin akwai dattawa da matan da Gunganci ko Kambarci ya fi zama a bakinsu. Babu manhajar da za ta cike wannan giɓi. Saurayi ko budurwar da ke riƙe da waya, mai jin Turanci da Hausa da harshen gida, shi ne matakin ƙarshe. Da ɗan gari akan ci gari.

Juya tsarin: zaure a bakin ruwa, jami'i a cikin waya

A ganina an daɗe ana tsara waɗannan taruka a juye. Ana cika zaure a babban birni da jami'an da dama suna da wuta da intanet a ofisoshinsu, sannan a ce wa talakan ƙauye ya shigo ta waya. Kamata ya yi jama'a su taru a wuri ɗaya a garinsu, jami'in da ba zai iya zuwa ba ya shigo ta sikirin.

Kayan da ake buƙata ba su fi ƙarfin ƙungiyar matasa ba. Waya ɗaya mai layin da ya fi ja a garin, ƙaramar lasifikar bulutut irin wadda ake kira MP, da fawa banki cikakke. Gidan kallon ƙwallo ya dace ƙwarai, tunda akwai benci da janareta da talabijin, kuma da safe babu wasa. Harabar makaranta ko ƙofar gidan hakimi ma sun isa. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: na'ura ɗaya tak za ta haɗu da sautin taron. Idan waya biyu a ɗaki ɗaya suka buɗe makirufo da lasifika, kowace tana ɗaukar sautin 'yar'uwarta tana mayarwa, sai ka ji ƙugin nan mai huda kunne, nan take kuma mai masauki zai rufe muku baki. A tattara tambayoyi tun kafin a fara, a zaɓi uku mafi muhimmanci, a rubuta su a ajiye a waya don a manna su a akwatin tambaya da zarar an buɗe. Sannan a canza sunan da ke bayyana a taron. Maimakon sunan samfurin waya, a sa sunan gari da adadin mutanen da ke zaune. Wannan sunan shi ke shiga rajistar mahalarta, kuma shugaban zama ya fi jin nauyin tsallake gari guda fiye da tsallake wata waya marar suna.

Ta ɓangaren gwamnati, akwai abin da zai iya sauƙaƙa wannan. A 2024 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ɓullo da shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet, ta hannun Galaxy Backbone da kamfanin tauraron ɗan'adam na NIGCOMSAT. Starlink ma ya shigo Najeriya tun Janairun 2023, kuma duk da tsadarsa ga mutum ɗaya, ba ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Intanet ɗin sakatariya bai kamata ya ƙare a ofishin ciyaman da na ma'aji ba. Ɗakin taro guda da sikirin da lasifika, a buɗe ga jama'a duk ranar da wata hukuma ke zama kan abin da ya shafe su, shi ne amfaninsa na farko. Matasan Ngaski da Yauri da Shanga suna da hurumin tambayar kansilolinsu inda aka kwana.

Kada kuma a raina rediyo. Hukumar NCC, wadda ta mayar da majalisar masu amfani da waya da take shiryawa zuwa intanet a 2020, ita ce kuma ta ɓullo da zauren jin koke ta gidajen rediyo, inda jami'anta ke zama a situdiyo masu sauraro suna bugo waya. Idan hukumar da ke kula da intanet ta ga tana buƙatar rediyo, sauran ba su da hujjar tsayawa a Zoom kaɗai. Wayoyi da yawa, har da ƙananan masu madannai, suna da rediyon FM da ba ya cin data ko kaɗan, iyafis kawai za ka soka ya zama eriya. Mace da ke cikin gida tana aiki za ta iya saurare, ta aiko da tambayarta ta saƙon murya ta wayar ɗanta ko ta ƙanwarta. Lambar WhatsApp guda da hukuma za ta buɗe kwana uku kafin taro da kwana uku bayansa za ta tara muryoyin da zaure ba zai taɓa tarawa ba. Lokaci ma abin dubawa ne. Ƙarfe goma na safe ya dace da ma'aikaci, amma masunci a lokacin yana fama da kifin da ya kamo, manomi yana fadama. Sarkin Ruwa da hakimi da limami sun fi kowace manhaja sanin ranar da gari ke da sarari.

Inda waya ba ta isa ba

Akwai shawarar da bai kamata a yanke ta sikirin ba. A yankin Libata da ke Ngaski akwai ma'adinin litiyam, sinadarin da ke cikin batirin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita, kuma an daɗe ana haƙar zinare a sassan masarautar Yauri. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta tanadi a baje rahoton babban aiki don jama'a su duba su yi ƙorafi, kuma kwanakin aiki 21 ake bayarwa. A irin wannan, inda ake maganar gona da ruwan sha da makabarta, hoton sikirin da ke nuna mutum talatin sun shiga Zoom ba amincewar al'umma ba ce. Taron intanet zai iya share fage, ya ba ɗan garin da ke karatu a Sakkwato ko Zariya ko aiki a Legas damar sa baki, ya ba lauya ko masanin muhalli damar duba takardu daga nesa. Amma sa hannu sai an zo gari, an zauna a gaban masu gonakin, an karanta musu abin da ke ciki da harshen da suke ji. Duk sanda ka ga an yi amfani da linki don a guje wa zuwa, to sauƙin na hukuma ne ko na kamfani, ba naka ba.

Hattara da taron bogi

'Yan damfara sun riga sun gano cewa mutane sun saba da gayyatar taro ta waya. Salon da ya fi yawa shi ne a kira ka a ce akwai taron ƙungiyarku ko na rabon wani tallafi da za a yi ta intanet da yamma, an turo maka lambobi shida na shiga, ka karanto su a sa ka a rajista. Waɗannan lambobi na buɗe WhatsApp ɗinka ne a wata wayar. Da zarar ka faɗa, sun ƙwace shi, sai su shiga roƙon kuɗi da sunanka. Lambar taron Zoom mai masauki ne ke ba ka ita, ba kai ke ba shi ba. Babu taron gwamnati da ke buƙatar BVN ɗinka, ko lambar sirrin katin banki, ko kuɗin rajista. Kada ka girka wata manhaja da aka turo maka a matsayin fayil a cikin guruf. Ka duba ko sanarwar tana shafin hukumar, wanda adireshinsa ke ƙarewa da .gov.ng, ko a shafinta na sada zumunta da aka tabbatar. Ka kuma kunna tabbaci mai mataki biyu a saitunan WhatsApp tun yau, minti biyu ya isa.

Bayan an tashi

Abin da ke bambanta taron gaske da na cika sharaɗi yakan bayyana ne bayan an kashe kyamara. A shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya gudana daga 2018 zuwa 2022, ɗaya daga cikin sharuɗɗan da jihohi za su cika kafin su samu tallafi shi ne su zauna da jama'a kan kasafin kuɗi, sannan su wallafa abin da jama'ar suka faɗa a intanet. Ba a tsaya ga cewa an yi zama ba, sai an nuna rubutaccen abin da aka ce. Da wannan takarda ce za ka iya ɗauko kasafin da aka zartar ka duba ko asibitin ko hanyar da garinku ya nema ta shiga.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda an watsa taro a Facebook, yana nan har abada. Ba haka ba ne yanzu. Daga 19 ga Fabrairun 2025, kamfanin Meta ya canza tsari: bidiyon da aka watsa kai-tsaye kwana 30 yake yi a shafi, sannan a goge shi, sai dai in mai shafin ya sauke shi ko ya mayar da shi wani wuri. Alƙawarin da jami'i ya yi a watan Mayu cewa za a kawo riguna ko a cire kututture, kafin ruwan Agusta ya iso bidiyonsa ya ɓace. Don haka idan zaman na bainar jama'a ne, ku ajiye naku. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye waya ta biyu kusa da lasifika tana naɗar murya, wadda ba ta cin data kuma ba ta cika ma'ajiya. A yanko wurin da aka amsa tambayar garinku, a haɗa da taƙaitaccen bayani na minti biyu ko uku da Hausa, wani kuma ya maimaita da harshen gida, a tura guruf-guruf. Wanda ba shi da data a ba shi ta bulutut ko Xender a shagon caji. Idan zaman na sirri ne ko na gayyata, a nemi izini kafin a naɗa.

Idan kuma hukumar tarayya ta yi taro ba ta fitar da rahotonsa ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman sa a rubuce, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Wasiƙar ba ta buƙatar lauya. A rubuta sunan taron da ranarsa, a nemi kwafin rahoton zaman da jerin tambayoyin da aka karɓa ta zaure da ta intanet da amsar da aka ba kowace, a kai ofishin hukumar mafi kusa ko a tura ta imel ɗinta. Idan hannu da hannu aka kai, a tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi, a ɗauki hotonsa a waya, domin daga ranar da ke jikin hatimin ake fara ƙirga kwana bakwai ɗin.